Inabin da Aka Bar wa Kawuna Amana

Wasu shekaru can baya, lokacin ina karatun digiri na uku a New York, aikina shi ne binciken cututtukan inabi. Yawancinku da maganar taki da ƙasar noma kuka san ni a nan, to can na faro. Ɗakin gwajinmu yana can saman Manhattan, gonakin da muke ɗebo ganye da ƙasa kuma suna ƙarshen Long Island, tafiyar da sai ka yi barci a mota ka farka ka tarar ba a isa ba. Ni Bakanuwa ce. Kafin in je ƙasar ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba, sai dai a kan teburin masu kayan marmari, a cikin leda, da tsada kamar me.

Mahaifiyata ba ta taɓa sakin jiki da aikin ba. Duk sanda muka yi waya sai ta zagaya ta zagaya ta dawo kan tambaya ɗaya: "Wai inabin nan na ci ne, ko na wancan abin?" Ko sunan giya ba ta yarda ya fito daga bakinta. Ni kuma in ce mata, "Umma, ni ganye da saiwa nake dubawa." Gaskiya ce, amma na san sarai inda 'ya'yan suke ƙarewa, ita ma ta san na sani. Haka muka yi ta lallaɓa juna har na gama.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi bai iya lallaɓa ba. Direban tasi ne, ya daɗe a ƙasar, yana zaune da iyalinsa a St. George, can tsallaken ruwa inda ake shiga feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane. Ranar da na fara gaya masa abin da nake karanta, sai ya ajiye cokali ya kalle ni. Ya ce, "Duk tsirran da Allah ya halitta, ga gero, ga dawa, ga wake, ba ki ga wanda za ki yi wa likita ba sai uwar giya?" Daga ranar sunana ya koma likitar inabi, kuma da dariya yake faɗa, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

Abin mamakin shi ne, a ƙarƙashin inabi yake kwana. Gidan da yake haya na wata tsohuwa ne, Ba'italiya. Ita tana sama, su suna ƙasa, tun yaransa suna rarrafe. A bayan gidan akwai ɗan tsakar gida da katanga ta zagaye, an malale shi da siminti gaba ɗaya in ban da wani ɗan zagaye a kusurwa, inda bishiyar inabi ta fito, kaurinta ya kai cinyar ƙato. Ta hau rumfar ƙarfe ta rufe tsakar gidan ruf. Mijin tsohuwar ne ya dasa ta shekarar da suka shiga gidan, daga reshen da mahaifinsa ya taho da shi daga ƙasarsu. Mijin ya daɗe da rasuwa.

Tsohuwar tana da ɗa guda, yana New Jersey, kuma ya daɗe yana matsa mata ta sayar da gidan tunda gidajen kusa da feri sun yi daraja. Amsarta kullum ɗaya ce: muddin bishiyar nan tana raye, ba za ta sa hannu a takardar kowa ba. Kowa a gidan ya san wannan magana, har yara. Da ta faɗi a matattakala ta karye a ƙugu aka kai ta gidan kula da tsofaffi, sai ta sa aka kira mata kawuna, ta riƙe hannunsa ta ce ta bar masa bishiyar. Da ya dawo gida, kalma ɗaya ya fassara maganar da ita, ya ce an ba shi amana. Ga shi kuma zamansu a gidan a jikin bishiyar yake rataye. Idan ta mutu, sai su nemi wani wurin, kuma a garin nan mai iyali irin nasa ba ya samun wuri da sauƙi.

A bazara ta biyu bayan tafiyar tsohuwar, ina cikin ɗakin gwaji wayata ta yi ƙara.

"Likita, kina da lokaci ranar Talata?"

Da na ji bai ƙarasa da "inabi" ba, na san akwai magana.

"Lafiya, Kawu?"

"Bishiyar tsohuwar nan ce ba ta jin daɗi. Ki zo ki duba mana ita, don Allah."

"Kawu, uwar giyar?"

"Ke, ba na son iya shege. Ki zo kawai."

Na je da safe, shi ya riga ya fita aiki. Matarsa ce ta buɗe min, mutuniyar Zangon Kumasi, mai faɗa da fara'a a lokaci guda. Ina fita tsakar gidan na ɗaga kai. Ganyen ya yi rawaya, gefensa ya soma ja, duk ya yi laushi ya sunkuyar da kai, 'ya'yan kuma sun yamutse tun ba su nuna ba. A lokacin kuwa aikina kacokan a kan wata cuta yake mai sa ganyen inabi ya yi ja ya nannaɗe. Wanda ya shekara yana kallon cuta ɗaya, ko a mafarki ita yake gani. Na hau kujera na tsinki ganye nan da can, na zuba a leda, na ɗau hotuna, na yi wa baiwar Allah lacca a kan ƙwarin da suke yaɗa cutar. Ta saurare ni har na gaji don kaina, sannan ta ce, "Duk na ji. Za ta tashi?" Na ce sai na gwada. Ta cika min roba da shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji, na kama hanya. Ko sau ɗaya ban sunkuya na kalli gindin bishiyar ba.

Gwajin ya fito tas. Babu cutar da nake zargi, babu 'yan uwanta. Na sake, ya sake fitowa tas. Na kai wa shugabar ɗakin gwajinmu hotunan, wata mata mai ƙarancin magana, ta duba ta duba, sannan ta ce, "Ƙasar fa?" Na ce siminti ne ya rufe ta. Ta ce ai bishiyar ba a siminti take tsaye ba. Ta nuna min inda ƙarfen haƙa yake jingine, ta koma kan aikinta.

Ranar Asabar na ɗauki ƙarfen, wani dogo mai baki a murɗe, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina. Ku ƙiyasta mace da hijabi har gwiwa, da wannan abu a kafaɗa, a cikin jirgin ƙasa sannan a feri. Ban taɓa samun wurin zama a yalwace irin na ranar ba.

Wannan karon Kawu yana gida. Ba a daɗe da sallar azumi ba, zafi ake yi sosai, kuma an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Na durƙusa a gindin bishiyar na kafa ƙarfen. Ban ko yi ƙarfi ba ya nutse. Da na zaro shi, wari ya bugo mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, har Kawu ya ja da baya yana toshe hanci. Ƙasa mai lafiya idan ka damƙe ta ka saki, marmashewa take yi, tana ƙamshi irin na ruwan farko. Wannan kuwa yumɓu ce mai ruwan toka, tana manne wa yatsa, kuma kafin in gama goge hannu ruwa ya soma tsattsafowa a ramin. Na sa hannu na jawo 'yar saiwa. Baƙa ƙirin. Na murza ta a hankali, fatar ta saɓule ta bar min zare a hannu.

A nan bari in ɗan yi bayani, don shi ne gaba ɗayan labarin. Saiwa numfashi take yi. A tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama, idan ruwa ya cika su ya ƙi tafiya, saiwar ta shaƙe. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai kama da funfuna wadda ba abin da take jira sai irin wannan jiƙar, a cikin ruwan take iyo ta je ta kama saiwar ta ruɓar da ita. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa zuwa sama. Sai ganye ya yi laushi ya langaɓe, wanda ya gani ya rantse ƙishirwa ce.

Na ce, "Kawu, akwai bututun da ya fashe a nan ƙasa?"

Ya ce babu, an duba bara.

"Ruwan rufin ɗaki fa, nan yake sauka?"

Ya nuna min indararon, can wajen titi yake zubarwa. Na zauna a kan dugadugaina ina kallon ramin, na rasa ta inda ruwan nan yake zuwa. Ina cikin haka aka soma sallama daga ƙofar gefe, La'asar ta yi.

Ashe tun da tsohuwar ta bar gidan, tsakar gidan ya zama wurin sallar Hausawan unguwar. Masu saukowa daga feri su biyo, na kusa su fito. Akwai mutanen Gana masu aikin jinyar tsofaffi a gidaje, akwai direbobi, akwai wani dattijo ɗan Nijar mai tebur a 125th Street, aminin Kawu. Na matsa gefe na ba su wuri. Yaran gidan suka fito da butoci a jere, babansu yana musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Sai na ga Kawu ya jawo wani ɗan benci da na ɗauka na zaman shan iska ne, ya ajiye shi dab da bishiyar. Mutane suka zagaye gindinta, kowa da butarsa, suka tsuguna. Ruwan hannu, ruwan baki, ruwan fuska, ruwan ƙafa, duk yana gangarawa cikin ɗan zagayen nan. Suna tashi wasu suka maye. Wani baƙo ya ɗan ja gefe zai yi tasa a kan siminti, Kawu ya ɗaga murya: "Malam, matso nan mana, kada ruwan ya tafi a banza."

Na tsaya da ƙarfe a hannu kamar an dasa ni.

Da aka idar, kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni, yana murmushi. Ya ce tun ranar da aka ba shi amanar nan ya hana kowa alwala a banɗaki, in dai ba lokacin ƙanƙara ba. Ya ce, "Ke kin manta gida? Wace bishiya ce ta fi kowace kore a gidan kakanku? Ba lemon nan na wurin alwala ba?" Kuma wallahi gaskiyarsa. Na tuna lemon, a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, yana tsaye shar a tsakiyar rani saboda butar kakana. Ƙasar can rairayi ce, ka zuba guga ka juya baya ta shanye. Babu gidan da za ka shiga a yi alwala a zubar da ruwan inda ba komai, ana nemar masa gindin wani abu mai rai. Kawu ya ci gaba da lissafa min ƙoƙarinsa. Matarsa ruwan wankin shinkafa nan take juyewa. Cikin azumi masu asham sun cika gidan, duk nan suka yi tasu. Da ya ga ganyen ya soma langaɓewa duk da haka, sai ya sayo tiyo, yana sake mata ruwa safe da yamma kafin ya fita da bayan ya dawo.

Na ce, "Kawu, zo mu ɗan koma gefe."

Ya ce in faɗa a nan, duk 'yan uwa ne. Sai na faɗa. Na nuna masa saiwar, na nuna masa ruwan da ya cika ramin, na ce yumɓu ce a ƙasa, siminti a sama, katanga a gefe, ruwan da duk aka zuba yana nan bai je ko'ina ba.

Ya ce, "Ruwan alwala ne fa."

Na ce, "Na sani, Kawu. Saiwar ce ba ta sani ba."

Ya kalli rumfar, ya kalli tiyon da ke naɗe a jikin bango. Ya ce, "Kina nufin ƙishirwar da na gani ba ƙishirwa ba ce?"

"Nutsewa take yi, Kawu."

Dattijon nan ɗan Nijar ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Bon. Ke nan mu duka muka taru muka kashe ta." Wani ya ce ai ba ta mutu ba tukuna. Kawu ya sunkuya ya tattara butocin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya shige da su ciki. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban bi shi ba, don na san ba zai so in ga fuskarsa ba.

Mun yi abin da za a iya yi. Aka daina zuba ko ɗigo. Mutanen sallar nan suka kawo guduma suka fasa simintin da ke kewaye, muka haƙa 'yar hanya ruwan ya samu mafita, muka zuba tsakuwa. Na kai ƙasar da saiwar ɗakin gwaji, ƙwayar cutar ta tsiro min a farantin gwaji ba tare da ta ba ni wahala ba. Na gaya wa Kawu gaskiya, cewa ruɓar ta hau har gindi, da wuya ta kai baɗi. Reshe ɗaya ne, wanda ya bi ta saman katanga, yake da sauran kore. Da sanyi ya shigo ganye ya zube, na je na yanko sanduna daga jikinsa, masu kaurin fensir, kowace da idanunta na tofo. Tunda gwajin farko ya nuna itacen ba shi da waccan cutar ta ganye, shugabata ta yarda in raine su a wani lungu na ɗakin gilashin da muke rainon tsirrai. Ko ba komai, wancan gwajin na gaggawa ya yi rana.

A wannan tsakanin ne matar Kawu ta ja ni kicin. Ta ce ta ga ana sayar da inabi a tukunya a wani wurin masu furanni. Tsohuwar nan ba za ta ƙara taka gidan ba, hoto kawai ake nuna mata a waya, ɗan nata kuma bai san inabi da kabewa ba. A sayo wani a dasa, ya hau rumfa, wa zai sani? Ta ce, "Ina za mu da yaran nan? Makarantarsu nan, komai nasu nan." Ban ga laifinta ba, ni ma sai da na auna maganar. Ashe Kawu yana bakin ƙofa. Ya ce, "Bishiya aka ba ni amana, ba hoto ba." Ta ce to ya dafa amanar ya ba yara su ci. Suka yi ta yi, na ɗau jakata na sulale.

Da sanyi ya wuce, bishiyoyin unguwar duk suka tofo, tamu shiru. Matarsa ta ce kullum da safe sai Kawu ya fita ya kankare ɓawon da farce ko zai ga kore, har ya yi wa gindin zane-zane. Babu. A ɗakin gilashi kuwa yawancin sandunan sun bushe, amma biyu sun kama, ɗaya har ta fitar da ganye masu faɗin tafin hannun jariri. Ban taɓa murna da wani sakamako irin wannan ba, har na digirin nawa.

Kawu ya ce lokaci ya yi da za a je a gaya wa tsohuwa. Ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ni kuma na rungumo tukunyar da ta fi kyau. Muka same ta a keken guragu kusa da taga, ta rame sosai, amma idonta garau. Ɗan nata yana nan, ranar ziyararsa ce.

Kawu ya durƙusa a gabanta ya faɗi komai da Turancinsa na tasi, bai rage ba bai sassauta ba. Ya ce bishiyar ta mutu, kuma shi ya kashe ta. Ta tambaye shi ta yaya. Ya rasa kalmomin, sai ya nannaɗe hannun riga ya nuna mata, babu ruwa babu buta: hannu, baki, fuska, har ya kai ƙafa. Ya ce sau biyar a yini, shi da duk wanda ya shigo gidan. Ɗan ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa. Hawaye ya gangaro mata, ta dafa kan Kawu a kan hular. Ta ce tun bayan mijinta ba wanda ya kula da bishiyar nan haka.

A nan ne na ga lokacina ya yi. Na matso na ɗora mata tukunyar a cinya. Na ce daga jikin bishiyar na yanko, kuma ba 'yarta ba ce, ba jikarta ba, ita ce da kanta, kamar yadda mijinta ya dasa reshen da mahaifinsa ya kawo. Ta shafa ganyen da bayan yatsa. Ɗan ya tambaye ni ko za a mayar da ita inda uwar take. Na ce a'a, ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa, shekaru, idan aka dasa ta a tsakar gidan nan ita ma za ta bi uwar. Na ƙara da cewa ba abin damuwa ba ne, inabi ba shi da tsirfa, in dai ƙasar tana tsane ruwa kuma akwai rana, ko a babbar tukunya zai rayu, ko a lambun gidan nan da take. Da fara'ata na faɗa, ina jin kaina.

Tsohuwar ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Ko'ina?"

Na ce, "Ko'ina."

Ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta juya wajen ɗanta, a hankali ta ce, "To, ka kawo takardun sayar da gidan."

Kawu ya riga ni fahimta. Na ga ya runtse ido, ya buɗe, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Ya yi mata godiya, ya yi wa ɗan sallama da hannu, muka fito. Ya raka ni har bakin feri, muna tsaye ana jiran a buɗe ƙofa, sai ya ce, "Abin da kika gaya musu, cewa ba za ta rayu a tsakar gidan ba, gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu."

Ya ce, "To shi ke nan. Allah ya yi miki albarka."

Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Kafin sanyi ya dawo an sayar da gidan. Ɗan bai wulaƙanta su ba, ya ba su lokaci, har mota ya turo ranar kwashe kaya. Suka samu wuri a Concourse Village, can Bronx, a wani bene mai tsawo, ɗakuna ƙanana, yara suka canja makaranta, masu sallar St. George kowa ya kama gabansa. Matar Kawu ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ta huce. Tukunya ta farko aka dasa ta a lambun gidan tsofaffin. Ta biyun tsohuwar ta aiko a ce na Kawu ce.

An sha tambayata ko na yi da-na-sani. Ban yi ba. Ƙasar nan ta kamu, ko yau aka tambaye ni abin da zan faɗa ke nan, kuma Kawu ba zai yarda in faɗi wani abu daban ba. Abin da ya rage min kawai shi ne, duk gonar da aka kira ni yanzu, kafin in taɓa ganye sai na zauna na ga yadda mutanen wurin suke yini, wa yake zuba me, a ina, kuma don me. Idan aka yi min tambaya a gaban mutane, nakan ɗan dakata in duba wanda amsar za ta faɗa wa a ka. Ba ya canja amsar, amma ba na faɗinta da fara'a.

Kawu ya ajiye tasa tukunyar a ɗan barandar benen, inda rana take bugawa da hantsi. Mutum ne da ya tashi a gona, tun bai kai tsawon fartanya ba yake bin kakana, Kawun ne ma ya koya min bambanta gero da ciyawa. Amma duk shekarun da na yi a garin bayan nan, ba ya zuba wa tukunyar nan ruwa sai ya kira ni. Ina cikin aji, ina cikin jirgi, ina tsakiyar gona a Long Island, sai in ga kiransa.

"Na sa yatsa har gaɓa ta biyu, a bushe take. In zuba?"

Sai in ce ya zuba, amma kaɗan.